MU SAN DUNIYA: Kwana guda cikin jirgin fito, daga Dakar zuwa Ziginshor

   

A filinmu na wannan wata za mu bar tudu, mu shiga ruwa.

Mu mutanen Nijar ba mu da teku. Tafiyarmu ta mota ce, ko ta raƙumi, ko ta amalanke. In ka gaji, sai direba ya tsaya. Ka sauka, ka miƙe ƙafa, ka sayi fura, ka kewaya bayan sabara. To, akwai wata tafiya wadda ba ta da wannan sauƙi. Ita ce tafiyar jirgin fito cikin teku. In ka shiga, ba sauka sai an kai. Ba kasuwa kan hanya. Ba rijiya. Ba inuwar itace. Abin da ka tarar cikin jirgin, da abin da ka riƙo a hannunka, su ke nan gare ka har gari ya waye.

Don haka ne ake tambaya: mi ya kamata matafiyi ya samu cikin jirgin da zai kwana bisa ruwa? Za mu duba wannan magana da misali guda, na ƙasar Senegal. Za ku ga cewa jin daɗin matafiyi da tsaron ransa igiya guda ta ɗaure su. Wannan igiya kuwa ita ce ƙirga. Mutum nawa aka ƙera jirgin don ya ɗauka? Mutum nawa aka zuba cikinsa?

INA NE ZIGINSHOR?

Senegal tana yamma da mu, bayan ƙasar Mali, a bakin tekun Atlantika. Kuɗinsu irin namu ne, sefa. Babban birninsu shi ne Dakar.

In kun samu taswira, ku duba da kyau. Wata ƙaramar ƙasa mai suna Gambiya ta shige cikin Senegal kamar wuƙa cikin kube. Ta kusa raba ƙasar gida biyu. Yankin da ke kudu da Gambiya shi ake ce ma Kazamans. Babban garinsa shi ne Ziginshor, a bakin gulbin Kazamans.

Kazamans ƙasar ruwa ce. Suna noman shinkafa. Suna da mangwaro, da lemu, da yazawa, da manja, da busasshen kifi. Amma babbar kasuwa tana Dakar. Manomin Kazamans, in bai kai kayansa Dakar ba, bai ga kuɗin kirki ba.

Ta mota, tsakanin garuruwan biyu kusan kilomita 450 ne. Kamar mutum ya tashi daga Maraɗi ya je Damagaram ya komo. Tsawon ba shi ne wahalar ba. Sai ka ƙetare iyaka sau biyu, shiga Gambiya da fita. Sannan ga gulbin Gambiya a tsakiya. Kafin shekara ta 2019 babu gada wurin. Manyan motoci su kan yi kwanaki suna jiran fito a kusa da garin Farafeni, kaya na ruɓewa bisa mota. Ga kuma tashin hankalin da ya soma a Kazamans tun 1982, wanda ya sa hanya ta zama abin tsoro shekaru da yawa.

Shi ya sa talakawa suka riƙe hanyar teku. An buɗe gadar Gambiya cikin watan Janairu na 2019, hanyar mota ta yi sauƙi. Duk da haka mutane ba su bar jirgi ba, don ya fi araha ga mai kaya, kuma mutum yana isa bai ragargaje ba.

JIRGIN DA SUNANSA

Babban jirgin wannan hanya sunansa Alin Sitoye Jata. A ƙasar Jamus aka ƙera shi. Ya fara aiki cikin shekara ta 2008. Wani kamfani mai suna COSAMA ke tafiyar da shi.

Tsawonsa mita 76. Kun san gefen gona mai hekta guda mita 100 ne. Ke nan jirgin ya ci kashi 3 cikin 4 na gefen gonar. An ƙera shi don ya ɗauki matafiya wajen 500, da motoci kusan 30 a cikin cikinsa. In babbar motar fasinja tana ɗaukar mutum 70, to jirgin ya ɗauki mota 7 ke nan.

Sunan kuwa na wata mace ne, ƴar manoma, daga ƙauyen Kabrus na Kazamans. Lokacin yaƙin duniya na biyu, Faransawa masu mulkin mallaka suna karɓe shinkafar manoma da ƙarfi. Ita ta kira mutanenta su ƙi. Aka kama ta cikin 1943. Aka kai ta Tumbutu, ta rasu can cikin 1944, da ƙuruciyarta. Mutanen Senegal ba su manta da ita ba.

Cikin 2015 aka ƙaro jirage biyu waɗanda ba su kai shi ɗaukar mutane ba, ƙirar Koriya ta Kudu. Sunansu Agen da Jambonyi. A gatanar mutanen can, waɗannan ƴan uwa mata ne biyu da kwale-kwalensu ya rabe cikin ruwa. Guda ta zama kakar ƙabilar Jola, guda ta zama kakar ƙabilar Serer. Don haka ƙabilun biyu suke wasan taubasai, kamar yadda muka san shi nan gida.

YADDA TAFIYAR TA KE

Shekara da shekaru tsarin jirgin shi ne: ya tashi daga Dakar ran Talata da ran Juma'a, wajen ƙarfe 8 na dare. Ya komo daga Ziginshor ran Alhamis da ran Lahadi. Ranaku suna iya sakewa, mai niyyar tafiya ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Tafiyar tana cin kamar awa 15. Wato tun bayan isha'i har hantsi. Dare duka jirgi yana cikin teku, yana bin gaɓa daga nesa, ya wuce Gambiya. Da safe ya shiga bakin gulbin Kazamans. Ya tsaya a wani tsibiri mai suna Karaban. Daga nan ya bi gulbi har Ziginshor.

Teku yana da raƙuman ruwa, jirgi na tashi yana sauka. Gulbi kuwa a kwance ya ke lumus. Da an shiga gulbi, wanda ya kwana yana jiri sai ya warware. Mutane su fito su sha iska. Sau da yawa a kan ga wata babbar dabbar ruwa mai kama da kifi, mai suna dolfin, tana tsalle tana bin jirgi.

WURIN ZAMA DA WURIN KWANA

Abu na farko da matafiyi ke bukata shi ne wurin da zai aje jikinsa.

Cikin wannan jirgi wuri iri huɗu ne. Akwai babban zaure mai kujeru masu laushi, jere da jere. Shi ne mafi araha. Akwai ɗaki mai gado 8. Akwai mai gado 4. Akwai mai gado 2. Gadajen, wani bisa wani ne, don a rage cin wuri. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Shekaru da dama kuɗin kujera ga ɗan Senegal jika 5 ne, wato dala dubu. Gado ya fi kujera tsada. Baƙo daga wata ƙasa yana biyan fiye da ɗan ƙasa.

Ga abin lura. Kowane tikiti yana da sunan mai shi. Ba a sayar maka sai ka nuna takardar shaidarka. In kujeru da gadaje sun ƙare, an rufe sayarwa ke nan. Mai kuɗi da talaka ba su kwana wuri guda ba, gaskiya ne. Amma kowa yana da wurinsa. Mai kujera ba a ce masa ya tashi don wani ya fi shi ba.

ISKA DA SANYI

Abu na biyu shi ne iska. Jirgi ƙarfe ne. Ku tuna ɗakin kwano cikin watan bazara. To, a zuba mutum ɗari cikinsa, a rufe taga. Tagar jirgi kuwa ba a barin ta buɗe cikin teku, don kada ruwa ya shiga.

Shi ya sa aka sa injin sanyi cikin zaure da ɗakuna. Matafiya da yawa su kan ce sanyin har ya yi yawa da tsakar dare. Mai wayo ya kan riƙo bargo ko babban zane. Uwa ta riƙo ma ɗanta riga mai kauri da hula.

Akwai kuma fili a sarari, a bayan jirgi, inda mutane ke zama su yi hira. Wanda zaure ya gundure shi, sai ya fito nan. Ku riƙe wannan magana ta zafi da iska. Za mu komo gare ta nan gaba.

RUWA DA ABINCI

Abu na uku shi ne ruwan sha. Wani zai ce: mutum yana bisa ruwa, mi zai sa ya ji ƙishirwa? To, ruwan teku ba ya shayuwa. Cikin lita guda akwai gishiri kusan giram 35, wato babban cokali biyu. Wanda ya sha shi, ƙishirwa ke ƙaruwa, jiki ya bushe. Sai jirgi ya ɗauki nasa ruwa mai daɗi cikin tankuna.

Mu yi lissafi. In kowane mutum zai sha lita 2, mutum 500 za su sha lita 1,000. Wato duro 5 masu cin lita 200. Wannan na sha ne kawai. Ban da na girki, da na alwala, da na wanka, da na makewayi. In aka zuba mutum 2,000 cikin jirgin da aka yi ma guzurin mutum 500, kowa ya samu rubu'in rabonsa ke nan. Makiyayi ya san wannan. Rijiyar da ke shayar da garke guda, in garke huɗu suka sauka kanta, laka za a sha.

Cikin jirgin akwai ɗakin cin abinci, da wurin sayar da abin sha. Abincin jirgi ya fi na tudu tsada, don babu wani mai sayarwa sai su. Talaka ya kan zo da guzurinsa. Guzurin da ya fi shi ne busasshe, wanda ba ya lalacewa: burodi, dabino, ƙuli-ƙuli, gyaɗa. A guji abinci mai maiƙo da yawa kafin a shiga teku.

MAKEWAYI

Abu na huɗu, ba a son faɗinsa cikin taro, amma dole ne. Shi ne makewayi.

A tudu, daji yana rufa ma matafiyi asiri. Cikin jirgi babu daji. In kowane mutum zai kewaya sau 3 cikin awa 15, mutum 500 sun shiga sau 1,500 ke nan. Sai da makewayi masu yawa, na maza dabam, na mata dabam. Sai da ruwa. Sai da masu wanke su dare duka. In aka rasa guda cikin waɗannan, kafin asuba wari ya kori kowa. Daga ƙazanta kuma sai gudawa, kuma yara ta ke fara kamawa.

Matafiyi ma yana da nasa aiki. Kada ya jefa tsumma ko leda cikin ramin makewayi, don bututunsa siriri ne, yana toshewa. Ya wanke hannu da sabulu in ya fito. Ya bar wurin yadda zai so ya tarar da shi.

KAYA

Abu na biyar shi ne kaya. Mu mun saba, buhunmu ba ya nisa da mu. Bisa shi muke zama, shi muke matashin kai da shi. Cikin wannan jirgi ba haka ba ne. Tun a tasha ake auna babban kaya, a sa masa lamba, a kai shi can ƙasan jirgi. Ƙaramin ƙunshi kawai ke shiga hannunka.

Dalili biyu ne. Na ɗaya, hanya ta zama a buɗe. In buhuna suka tare ƙofa, tsoho ba ya iya wucewa, kuma ranar da aka ce kowa ya fita da sauri, ƙofar ba ta fituwa. Na biyu, nauyi ya zauna ƙasa. Duk wanda ya taɓa labta ma raƙumi kaya ya san wannan. Mai nauyi ƙasa, maras nauyi bisa, dama da hagu daidai, a ɗaure tamau. In kaya ya yi tsororuwa, ko ya karkata gefe guda, tangarɗa kaɗan sai ya zube. Jirgi ma haka ya ke.

A jikin manyan jirage akwai wata alama da aka zana da fenti: da'ira, da layi ya ratsa ta. In jirgi ya yi nauyi har ruwa ya rufe layin, kaya sun wuce ƙa'ida. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuwel Filimsol ne ya yi ta faɗa har aka yi dokar wannan alama cikin 1876, saboda masu jirage suna cika kaya, ma'aikata suna mutuwa.

JIRI DA AMAI

Akwai wata wahala da kuɗi ba ya hana ta. Ita ce jirin teku. Mai gado 2 da mai kujera duk tana kama su.

Ga mafarinta. Can cikin kunne akwai wani abu da ke gaya ma jiki ko yana tsaye ko yana lilo. Cikin jirgi, kunne na jin ana lilo. Ido kuwa yana ganin bango tsaye, kujera tsaye. Ido da kunne sun saɓa. Sai kai ya juya, zuciya ta tashi, amai ya zo. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Da an kai ruwa mai kwanciya, ta kan wuce.

Abin da ke rage ta:

A zauna wajen tsakiyar jirgi, don goshi da baya sun fi lilo.
In da haske, a fita sarari, a dubi nesa, inda sama ta haɗu da ruwa.
In dare ne, a kwanta, a rufe ido.
A nisanci warin man inji da hayaƙin taba.
A ci kaɗan, a sha ruwa kaɗan-kaɗan.
Wasu suna samun sauƙi da tauna citta.

Akwai ƙwayar magani ta jiri. Ana shan ta kafin jirgi ya tashi. A tambayi likita, musamman mace mai ciki da ƙananan yara.

RIGAR CETO

Abu na ƙarshe, wanda ake fatan kada a bukace shi, shi ne rigar ceto. Riga ce mai launin ruwan goro, wadda ba ta nutsewa. Dokar jirage ta duniya ta ce kowane mutum da tasa, har da ta yara. Tana da usur a jiki, don mutum ya busa a ji inda ya ke. Akwai kuma ƙananan jiragen ceto da aka rataya a gefen babban jirgi.

Alamar haɗari iri guda ce ko'ina cikin duniya. Jiniya za ta yi kuka gajere sau 7, sannan dogo sau 1. Wanda ya ji haka, ya ɗauki rigarsa, ya tafi inda ma'aikata suka nuna. Ya bar kaya.

Nan ma ƙirga ce. Riga 500 ba ta isar mutum 2,000.

ABIN DA YA FARU GA JIRGIN JOLA

Wani zai ce: duk wannan tsari na mene ne? Auna kaya, rubuta suna, rufe tikiti, ai ɓata lokaci ne. To, mutanen Senegal ba su koyi wannan tsari da sauƙi ba. Da rayuka suka biya.

Kafin Alin Sitoye Jata, wani jirgi ne ke bin wannan hanya, sunansa Jola. Shi ma ƙirar Jamus ne. Ya fara aiki cikin 1990. Jirgin gwamnati ne, sojoji ke tafiyar da shi. An ƙera shi don mutum 580, matafiya 536 da ma'aikata 44.

Ya yi kusan shekara guda ana gyaransa. Ya komo aiki cikin watan Satumba na 2002. Mutane sun daɗe suna jira. Lokacin komawa makaranta ne. Ƴan makaranta da yawa suna son su tafi Dakar. Ga mata ƴan kasuwa da kayansu.

Ranar Alhamis, 26 ga watan Satumba na 2002, Jola ya tashi daga Ziginshor da rana. Tikitin da aka sayar ya zarce 1,000. Ban da ƙananan yara, da ba a yanka ma tikiti. Ban da waɗanda suka shiga don sun san wani. A Karaban kuma, lokacin babu matsayar jirgi. Kwale-kwale ke kawo mutane da kaya, aka ƙara ɗauka.

Ku tuna maganar zafi da iska. Cikin jirgi ya cika, babu wurin zama, ga zafi. Sai ɗaruruwan mutane suka hau can bisa, suka shimfiɗa a sarari. Nauyi ya koma bisa ke nan. Kayan da ke ƙasa kuma ba a ɗaure su yadda ya kamata ba.

Wajen ƙarfe 11 na dare, daura da gaɓar Gambiya, hadari ya taso da iska. Jirgi ya karkata. Bai iya komowa daidai ba. Cikin ƴan mintoci ya kife, mutane na ciki.

Masunta ne da kwale-kwalensu suka fara ceton mutane. Taimakon hukuma bai iso ba sai da gari ya waye. Mutum 64 suka tsira. Cikinsu mace guda ce tak. Lissafin gwamnati ya ce mutum 1,863 suka rasu, daga ƙasashe fiye da 10. Iyalan mamatan suna cewa sun fi haka.

Ku haɗa 1,863 da 64. Ya ba da 1,927. Ku ninka 580 sau 3. Ya ba da 1,740. Ke nan Jola ya ɗauki fiye da ninki 3 na abin da aka ƙera shi dominsa. Jirgin Titanik, da ya nutse cikin 1912, wanda duniya duka ta san labarinsa, mutum wajen 1,500 ya ci. Jola ya fi shi.

Shugaban ƙasa na lokacin, Abdulay Wad, ya amsa cewa gwamnati tana da laifi. Aka ba da diyyar sefa miliyan 10 ga kowane mamaci. Amma wace uwa ce miliyan 10 za ta maida ma ɗanta? Cikin 2024 an buɗe gidan tarihi a Ziginshor, bakin gulbi, don tunawa da su.

Ku lura da kyau. Alamar haɗarin ta bayyana tun jirgi bai bar tasha ba. Rashin kujera, cunkoso, zafi, buhuna bisa hanya: kowa ya gan su. Mutane sun ɗauke su wahalar tafiya ce kawai, ta dare guda, a yi haƙuri. Ashe su ne saƙon mutuwa.

BAYAN JOLA

Shekara 3 Kazamans ba ta da jirgi. Cikin 2005 aka kawo wani mai suna Wilis daga ƙasar Indunusiya. Cikin 2008 Alin Sitoye Jata ya karɓe shi. Aka ɗauke aikin daga hannun sojoji. Aka gina matsaya a Karaban. Aka kafa ƙa'idar suna bisa tikiti, da auna kaya, da rufe sayarwa in wuri ya cika.

Mutanen yankin sun san darajar jirginsu. Cikin watan Yuni na 2023 aka tsai da shi saboda rikicin siyasa. Bai komo aiki ba sai watan Afrilu na 2024. Cikin waɗannan watanni, masu mangwaro da masu kifi da masu dako duk sun ji a jikinsu.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ƴan uwa, yawancinmu ba za mu je Ziginshor ba. Amma samarinmu suna tafiya cin rani har bakin teku, wasu su shiga jirgi. Nan gida ma ana shiga kwale-kwale a gulbin Kwara, wajen Gaya da Ayoru, da kuma tafkin Cadi. Ruwa ko'ina ruwa ne. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Kafin ka sa ƙafa cikin jirgi, babba ko ƙarami, ka duba waɗannan:

1. Mutum nawa aka yarda ya ɗauka? Ka tambaya. Ba rashin kunya ba ne.
2. Kowa ya samu wurin zama? In mutane na tsaye bisa juna, jirgi ya cika.
3. An rubuta sunanka? An rubuta yaranka, har na goye?
4. Kaya mai nauyi yana ƙasa, a ɗaure? Hanyar fita a buɗe ta ke?
5. Ina ruwan sha? Ina makewayi?
6. Ina rigar ceto? Ka gan ta da idonka, ka gwada ɗaura ta.

Kada ka ba wani na goro don ya shigar da kai jirgin da ya cika. Wanda ya karɓi kuɗin zai kwana gida. Kai ne za ka kwana bisa ruwa. In ka ga an wuce ƙa'ida, ka sauka da iyalinka, ka jira na baya. Ka gaya ma na kusa da kai dalilinka. Kasuwar da ka rasa yau za ta ci wani mako.

In hadari ya taso kuna cikin ruwa, kowa ya zauna inda ya ke. Kada a ruga gefe guda don gudun ruwan sama. Jiƙewa ba ta kisa.

Masu jirage da hukumomi su ma su ji. Kujera, da iska, da ruwa, da makewayi haƙƙin matafiyi ne, ya biya kuɗinsu. Mai ƙara mutum guda bisa ƙa'ida don ribar tikiti guda, ya sa ran kowa cikin caca.

Ku karanta ma waɗanda ke kusa da ku wannan labari, musamman masu shirin tafiya.

Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su gida lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.